Wangari Maathai: malamar da ba ta ƙirga dashe sai ya rayu

Duk wanda ya zauna a N'Djamena a shekarar 2010 yana tuna lokacin da leda ta yi ɓatan dabo a kasuwanni. Magajiyar garin ta wancan lokaci, Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ita ta tsaya kai da fata sai da dokar hana leda ta yi aiki. Mahauta suka koma naɗe nama a takarda, mata suka kakkaɓo kwandunansu, baƙin da suka tsallako gadar Ngueli daga Kuseri suna mamakin yadda titi ya yi fes. A lokacin ina karatu. Yau ina koyarwa a wata makarantar gwamnati a birnin, kuma kowace safiya abin da nake fara gani a bakin ƙofa shi ne baƙar leda maƙale a jikin ƙaya, da ledojin ruwan sanyi da yara suka sha jiya suka yar.

A filin makarantar akwai ramuka a jere. Kowane rami wurin wani dashe ne da aka kafa da damina, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka watse. Lokacin hutu ne, babu yaro ko ɗaya. Kafin a koma aji a watan Oktoba awaki sun ci rabi, zafin Afrilu ya ƙarasa sauran. Waɗannan ramuka da waccan leda su suka sa na koma karanta tarihin wata mata 'yar ƙasar Kenya da ta rasu tun 2011, domin ta yi fama da matsalolin nan biyu, kuma tun daga makaranta labarinta ya fara.

An haifi Wangari Muta ranar 1 ga Afrilun 1940 a ƙauyen Ihithe, cikin tsaunukan Nyeri, lokacin Kenya na hannun Ingila. 'Yar ƙabilar Kikuyu ce. Mahaifinta direba ne kuma makaniki a gonar wani Bature kusa da Nakuru, a can ta yi ƙuruciyarta ta farko. A 1947 ta koma Ihithe tare da mahaifiyarta saboda yayyenta maza suna makaranta a can. Ɗaya daga cikinsu, Nderitu, shi ya tambayi uwarsu dalilin da ya sa ƙanwarsa ba ta zuwa makaranta kamar su. Uwar ba ta yi boko ba, amma ta ga tambayar tana da ma'ana. Wangari ta shiga aji tana da shekara 8.

Kusa da gidansu akwai wata ƙatuwar bishiya da Kikuyu ke kira mugumo, dangin cediya ce. Mahaifiyarta ta hana ta ɗibar ko da busasshen reshe a gindinta, domin mutanensu na girmama ta. A kusa da ita ruwa ke ɓuɓɓugowa ya zama ƙorama, inda yarinyar ke ɗibar ruwa, tana wasa da ƙwan kwaɗi a tsakanin ganyen gwaza. Shekaru da yawa bayan haka ta dawo ta tarar an sare bishiyar don a shuka ganyen shayi, ƙoramar kuma ta ƙafe. A lokacin ta riga ta yi ilimin da za ta gane abin da ya faru: saiwar irin wannan itace na ratsa ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, ta kuma riƙe gaɓa. Abin da tsofaffi suka kare da camfi, ashe rijiyar gari suke karewa.

Tana da shekara 11 aka kai ta makarantar kwana ta 'yan mata ta St. Cecilia, ta mishan ɗin Katolika a Mathari. Shekarun tawayen Mau Mau ke nan, kuma bangon makaranta ya kare ta daga yawancin wahalar da danginta suka sha. Sai dai a nan ta gamu da wani abu da masu karatun wannan shafi da dama suka sani. Duk yarinyar da aka kama tana magana da harshen uwa, ana ba ta wata alama ta riƙe har sai ta kama wata, wadda kuma alamar ta kwana a hannunta ita ke shan horo. Wanda ya yi lakwal a Nijar ko Chadi ko Kamaru ya san sambol, ya san kunyar da ke cikinta. Daga baya, da ta fara aiki da matan karkara, da Kikuyu da Suwahili take yi musu magana, kuma ta nace a yi tarukan ƙungiyarta da harshen mutanen wurin.

Ta fito ta ɗaya a ajinsu a 1956, ta wuce sakandaren Loreto a Limuru. A watan Satumban 1960 tana cikin ɗaliban Kenya kusan 300 da aka kwasa zuwa Amurka a shirin da ɗan siyasa Tom Mboya ya tsara, gidauniyar iyalin Kennedy ta biya kuɗin jirgi. Ta yi digiri na farko a ilimin halittu a jihar Kansas a 1964, na biyu a jami'ar Pittsburgh a 1966. Ta dawo gida da takardar alkawarin aiki a jami'ar Nairobi, ta je ta tarar an ba wani. Wani farfesa Bajamushe, Reinhold Hofmann, shi ya ɗauke ta a sashen nazarin jikin dabbobi. Ta yi wani ɓangare na bincikenta a Jamus, ta auri Mwangi Mathai a 1969, a 1971 kuma ta zama mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta samu digirin digirgir. A 1976 ta zama shugabar sashen.

Kaska ce ta fitar da ita daga ɗakin bincike. Tana yawo a karkara tana tattara kaskar da ke sa wa shanu wata muguwar cuta, sai ta lura shanun kansu ƙashi da fata ne, ba don cutar ba, don babu ciyawa. Koguna sun yi ja da laka, tuddai sun tsattsage. A tarukan majalisar matan Kenya, inda take wakiltar mata masu ilimin jami'a, matan ƙauye suna kawo kuka iri ɗaya: itacen girki ya yi nisa, ruwa ya yi nisa, yara na ramewa domin an daina dafa abincin gargajiya mai cin wuta. An cire dazuka an shuka shayi da gahawa da itatuwan katako na waje masu shan ruwa. Ta ga cewa duk koke-koken nan suna haɗuwa a gindin bishiya.

Yunƙurinta na farko ya faɗi. Ta kafa wani ɗan kamfani mai suna Envirocare don ba marasa aiki aikin dashe da gyaran lambuna, kuɗi suka ƙare, ya mutu. Sai ranar 5 ga Yunin 1977, ranar muhalli ta duniya, ita da matan majalisar suka yi tattaki zuwa filin Kamukunji a Nairobi suka dasa itatuwa bakwai. Biyu ne suka girma. Bayan wata uku, Nairobi ta karɓi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada, taron da farin Sahel na farkon shekarun 1970 ya haifar, farin da iyayenmu a Chadi da Nijar da arewacin Najeriya ba su manta ba. Daga waɗannan watanni ƙungiyar Green Belt Movement ta fito. Sunan yana nufin ɗamarar kore, abin da muke ji da Faransanci ceinture verte: layukan itatuwa, aƙalla dubu, da ake zagaye gona ko coci ko makaranta da su.

Yadda ta tafiyar da aikin shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk rayuwarta, ya fi kyautar Nobel ɗin ma.

Da farko ta je wurin ma'aikatar gandun daji ta ce tana son itace miliyan 15, ɗaya ga kowane ɗan Kenya na lokacin. Aka yi mata alkawarin dashe kyauta, ana ganin ba za ta iya kwashe na kirki ba. Ba a daɗe ba buƙata ta fi ƙarfin ma'aikatar. Aka turo jami'ai su koya wa mata renon dashe, suka zo da bayanin irin ƙasa da ma'auni da kayan aikin da matan ba su da su. Wangari ta ce wa matan su ajiye wannan duka. Sun san yadda ake shuka gero da wake, to itace ma iri ne. Su shiga daji su tsinto irin itatuwan yankinsu, su shuka a fasassun tukwane da tsoffin gwangwanaye, su ɗora a kan rumfa don kaji da awaki. Ta riƙa kiransu ma'aikatan gandun daji marasa takardar shaida.

Sannan ga maganar kuɗi. Ƙungiyar tana biyan mace 'yan kwabbai a kan kowane dashe, amma ba ranar da ya tsiro ba, ba kuma ranar da aka kafa shi ba. Sai an koma bayan watanni an tarar yana raye. Wannan sharaɗi ɗaya ya canza komai. Matar da ta ba maƙwabci dashe sai ta koma ta ga ko ya ba shi ruwa, ko ya kewaye shi da ƙaya, domin haƙƙinta na rataye a kansa. Tsarin bai tsira daga 'yan damfara ba. An samu wasu daga cikin samarin da aka ɗauka don rubuta lissafi suna ƙara lamba, kuma ita kanta ba ta ɓoye hakan ba. Amma ko maƙaryacin ya san abin da ake ƙirgawa shi ne itace mai rai.

Makarantu sun shiga tun da wuri. Makarantar firamare a karkarar Kenya a lokacin ba ta da bambanci da tamu: aji a tsakiyar fili, iska da ƙura, babu inuwa. Shugabannin makarantu suka riƙa neman dashe. Yara su haƙa rami, su kafa, su zo da ruwa a kwalba daga gida, su kula da shi har su gama makarantar. Yaron da ya ga nasa ya yi tsawo sai ya roƙi wani ya kai gida, ta haka aikin ya shiga gidajen da babu wata 'yar ƙungiya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, yaran makaranta da suka sa hannu sun kai dubban ɗaruruwa. A 1984 aka ba ta kyautar Right Livelihood a Suwidin, a 1986 kuma aka fara kai tsarin wasu ƙasashen Afirka.

Duk wannan tana yinsa ne rayuwarta ta gida na rushewa. Mijinta, wanda ɗan majalisa ne, ya bar ta a 1977, kotu ta raba auren a 1979. Ta soki alƙalin a wata hira da mujalla, aka yanke mata wata shida, ta yi kwana uku a gidan yarin mata na Lang'ata aka sake ta. Tsohon mijin ya nemi ta daina amfani da sunansa, sai ta ƙara harafi ɗaya, Mathai ya zama Maathai. A 1982 ta ajiye aikin jami'a don ta tsaya takara, aka hana ta tsayawa, jami'a ta ƙi mayar da ita, aka fitar da ita daga gidan ma'aikata. Tana da shekara 41 da 'ya'ya uku, babu albashi.

Wanda ke dasa itace a filin jama'a, wata rana sai ya ci karo da mai son filin. A 1989 ta samu labarin za a gina bene mai hawa 60 a Uhuru Park, filin shaƙatawar talakawan Nairobi, da mutum-mutumin shugaba Daniel arap Moi a gabansa. Ta rubuta wasiƙu ga ministoci da jaridu da masu ba da bashi na waje. 'Yan majalisa suka yi zama suna yi mata gorin zawarci. Moi da kansa ya nuna a bainar jama'a cewa macen kirki ba ta ja da maza. Aka kori ƙungiyar daga ofishinta, ma'aikata suka koma aiki a gidanta. Amma masu kuɗin suka janye, ba a gina benen ba. A watan Maris na 1992, a wani lungu na filin nan, 'yan sanda suka doke ta har ta suma, lokacin da take tare da iyaye mata masu yajin cin abinci don a saki 'ya'yansu fursunonin siyasa. A Janairun 1999 'yan daba suka fasa mata kai a dajin Karura, inda ta je dashe a filin da aka raba wa na kusa da gwamnati. Karura na nan har yau, daji a cikin birni.

Da mulkin jam'iyyar Moi ya ƙare a zaɓen Disamban 2002, mazaɓar Tetu ta tura ta majalisa da kashi 98 cikin 100 na ƙuri'u, shugaba Mwai Kibaki ya naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli. Ranar 8 ga Oktoban 2004 aka sanar da ita ce ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka. A lokacin ƙungiyarta ta dasa itace kimanin miliyan 30. Wasu a Turai sun yi gunaguni, suna tambayar me ya haɗa itace da zaman lafiya. Wanda ya taɓa ganin rikicin manomi da makiyayi a kan burtali ko mashaya ba zai yi wannan tambaya ba.

Maganar shara ta zo ne a wannan mataki na rayuwarta. A Fabrairun 2005 ta je Japan, inda ta ji kalmar mottainai, wadda ke nufin takaicin da mutum ke ji idan aka wulaƙanta abu mai amfani. Ta ɗauke ta ta yi ta yawo da ita har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya: a rage abin da ake kashewa, a sake amfani da abu, a narka a sake ƙerawa. Ta nuna yadda Japanawa ke ƙunshe kaya a ƙyalle maimakon leda. A gida ta sa siririyar leda a gaba. Ta ce tana toshe magudanai, tana kashe dabbobi, tana tara ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, ta kuma yi kira a koma ga kiondo, jakar saƙa ta matan Kenya. Kenya ta gwada taƙaita leda a 2007 da 2011 abin bai kama ba. Sai ranar 28 ga Agustan 2017, shekara shida bayan rasuwarta, cikakken hani ya fara aiki, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara huɗu.

Mu ba mu buƙaci kalmar Japan ba. Mun taso ana tsawata mana idan muka taka tuwo ko muka zubar da hatsi. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga, buhu ya zama tabarma, maƙera na narka gwangwanin lemo su zuba tukunya. 'Yan jari-bola sun riga kowace ma'aikatar muhalli sanin darajar shara. Leda ce ta zo ta fi ƙarfin wannan tarbiyya, domin kyauta ake ba da ita kuma ba ta da mai saye. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin rago. Kamaru ta hana ta a 2014, Nijar ta yi doka a shekarar nan, amma tana nan a Marwa, tana nan a Maraɗi.

A ganina abin da ya raba aikinta da namu ke nan. A Chadi ba a rasa manyan matakai ba. A 2008 aka ƙaddamar da ɗamarar itatuwa ta N'Djamena a Gaoui. A farkon 2009 aka tsananta hana gawayi, kuma waɗanda suka ga lokacin sun san yadda mata suka wahala suna girki da kashin shanu da ƙwallon goruba. A watan Yunin 2010, a nan birnin shugabannin ƙasashe suka rattaba hannu kan kafa hukumar babbar ganuwar itatuwa ta Sahel. Dukkansu daga sama suka sauko, kuma kowanne ƙarfinsa ya tsaya ne a kan mai tsaron doka ko mai biyan kuɗi. Wangari ta ɗauki shekara 25 tana aiki daga ƙasa kafin ta taɓa kujerar gwamnati, kuma da ta hau kujerar ba ta samu yadda take so ba. Ta rabu da muƙamin a ƙarshen 2005, ta rasa kujerar majalisa a 2007. Lambunan renon dashe na matan ƙauye ba su tsaya ba. Makwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga irin wannan: manoma ne da kansu suka riƙa barin kututture ya tofo a gona, har gawo ya dawo a miliyoyin hekta.

Ba kuma zan ce a kwafo Kenya a manna a Sahel ba. Nyeri na samun damina biyu a shekara, mu ɗaya muke da ita, gajeriya. Dashen dogon yaro a N'Djamena sai ya sha ruwan hannu wata takwas kafin ya ga sama ta sake zubowa, a makarantar da wani lokaci famfonta ba ya kawo ko na sha. Amma wannan ma dalili ne na a san sunan yaron ko ajin da ke da kowane rami, a kuma ɗage tafi da hoton daga Agusta zuwa Mayu.

Shekarunta na ƙarshe ta yi su tana yawon duniya. Ta zama jakadiyar dazukan kogin Kwango. A Nuwamban 2006 ta ƙaddamar da gangamin dasa itace biliyan ɗaya tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2007 wani yaro ɗan shekara 9 a Jamus, Felix Finkbeiner, ya ci karo da labarinta yana shirya aikin aji, ya dasa itace a makarantarsu, daga nan ƙungiyar yara ta Plant-for-the-Planet ta samo asali. Littafin tarihin rayuwarta, Unbowed, ya fito a 2006, akwai shi da Faransanci da sunan Celle qui plante les arbres.

Cutar sankara ta yi ajalinta a wani asibiti a Nairobi ranar 25 ga Satumban 2011, tana da shekara 71. Ta bar wasiyya kada a sare itace don akwatin gawarta. Aka saƙa shi da gora, da wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, da irin karan ruwan da Buduma ke ɗaure kwalekwale da shi a Tafkin Chadi. Gwamnati ta yi mata jana'izar ƙasa a Uhuru Park, filin da aka doke ta a ciki.

A 2012 Tarayyar Afirka ta haɗa sunanta da ranar muhalli ta Afirka, 3 ga Maris. A N'Djamena ranar tana faɗowa ne daidai lokacin da sanyi ya tafi, zafi ya fara kamawa. A bana na ɗauki 'yan ajina muka zaga ramukan damina muna dubawa. Waɗanda muka tarar da ganye ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duka suna kusa da rumfar matar da ke sayar wa yara ƙosai, inda take zubar da ruwan wanke kwanoninta.